Yauƙin Alobera da Jinyar Rauni a Sabon Birni da Isa: Amfaninsa da Inda Ya Tsaya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hujjojin da ake da su a kan shafa yauƙin ganyen alobera a rauni, ta kuma auna su da halin da jama'ar ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke ciki, inda rashin tsaro ya nisanta mutane da asibiti. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna alamar amfaninsa a kan ƙuna marar zurfi, ba su tabbatar da amfaninsa a kan gyambo ba, kuma an taɓa samun ya jinkirta warkewar rauni mai zurfi. Matsayin maƙalar shi ne cewa babban haɗarin wannan tsiro a yankin yana cikin jinkirin da yakan sa iyali su yi kafin su nemi asibiti. Don haka iyakarsa ce abin da ya fi cancanta a koyar, kuma a koyar da ita ta hannun maƙera da wanzamai da ungozomomi da masu kemis, domin su ake fara kai wa mai rauni.

1.0 Gabatarwa

Sabon Birni da Isa suna gabashin jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir inda kufan Alƙalawa yake. Ta arewa Sabon Birni ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, Isa kuma ta jingina da Shinkafi ta jihar Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin biyu mutum fiye da 350,000, akasarinsu manoma da makiyaya da ke zaune a garuruwa irin su Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa da Turba da Bafarawa, da ɗimbin ƙauyukan da ke kewaye da su. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka riƙa tsallakawa jihar Maraɗi gudun hijira. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a Garki da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyu. A watan Disambar wannan shekarar kuma aka cinna wa motar fasinja wuta kusa da Gidan Bawa, inda 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar mutum 23.

An kawo waɗannan abubuwa ne domin su ne suke yanke hukuncin yadda ake jinyar rauni a yankin. Akwai babban asibiti a Sabon Birni, akwai a Isa, amma mai ƙuna babba ko harbin da ke buƙatar ƙwararren likitan tiyata sai an dangana da shi Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar da matafiyi ba ya da tabbacin isa. Idan hanya ta zama abin tsoro, maganin da ke cikin gida yakan ƙara daraja. Alobera na cikin irin waɗannan magunguna: tana rayuwa a tsohon bokiti a gindin randa, tana jure fari, ba a sayenta da tsada, kuma masu tallar magani a kasuwa da saƙonnin da ke yawo a waya suna kambama ta a matsayin maganin kowane rauni. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wane rauni ne hujja ta yarda a shafa masa wannan yauƙi, wane ne kuma shafawar za ta cutar?

2.0 Tsiron da Abin da Ke Cikinsa

Ganyen alobera kashi uku ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen kurakurai da yawa. Idan aka yanke ganye daga gindi aka jingina shi a tsaye cikin kwano, cikin 'yan mintoci za a ga wani ruwa mai launin ɗorawa, mai ɗaci da wari, yana ɗiga daga ƙarƙashin ɓawon. Idan aka fere koren ɓawon kuma, sai a tarar da farar tsoka mai santsi da yauƙi wadda ake iya hango wuƙa ta cikinta. Ruwan ɗacin nan yana ɗauke da sinadarin aloyin, mai sa gudawa da murɗar ciki, wanda kuma kan ci fatar wasu mutane. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Daga baya cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ruwan ganyen da aka matse gaba ɗayansa cikin abubuwan da ake zargin suna iya jawo kansa, bisa gwajin ɓerayen da aka shayar da shi. Farar tsokar ce kaɗai ake nufi idan ana maganar jinyar rauni.

Wajen kashi 99 cikin 100 na wannan tsoka ruwa ne. Ragowar ta ƙunshi wasu dangogin sukari masu yauƙi, mafi shahara a cikinsu shi ne asimanan, wanda gwaji a ɗakin bincike da kan dabbobi ya nuna yana zaburar da ƙwayoyin jikin da ke share rauni da masu saƙa sabuwar tsoka. Akwai kuma dalili mafi sauƙin fahimta. A 1962 George Winter ya wallafa a mujallar Nature cewa raunin fatar alade da aka rufe aka bar shi da danshi ya yi sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Wannan bincike ne ya sauya yadda asibitoci suke wanke rauni da ɗaure shi. Yauƙin alobera yana riƙe danshi, yana sanyaya wuri, yana hana ƙyalle mannewa a miki. Sai dai abin da ya ba shi wannan amfani shi ne kuma rauninsa: ruwa da sukari abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma yauƙin yana fara lalacewa tun daga lokacin da aka yanke ganyen. Wanda aka kankare aka ajiye a kwalba cikin zafin bazarar Gobir ya tashi daga magani.

Akwai kuma batun iri. Wadda duniya ta yi gwaji a kanta ita ce Aloe vera, wadda asalinta ake dangantawa da yankin Larabawa. Ƙasar Hausa tana da tata 'yar'uwar ta daji mai ɗige-ɗige a ganye, wadda likita J. M. Dalziel ya rubuta da sunayen zabo da kabar giwa a littafinsa na sunayen tsirran Hausa na 1916, masana tsirrai kuma suke kira Aloe buettneri. An rubuta cewa ana shafa ta a ƙuna da miki a sassan Afirka ta Yamma, amma sakamakon gwajin da aka yi da waccan ba ya hawa kan wannan kai tsaye, domin kama da wane ba ta wane.

3.0 Abin da Gwaji a Kan Mutane Ya Nuna

Hujja mafi ƙarfi da alobera take da ita a kan ƙuna ce. A ƙasar Tailan, a 1995, Visuthikosol da abokan aikinsa sun gwada ta a kan mutum 27 masu ƙunar da ba ta cinye fata gaba ɗaya ba. Wuraren da aka shafa wa yauƙin sun warke cikin kimanin kwana 12, waɗanda aka rufe da bandeji mai basilin kuma kimanin kwana 18. A Iran, a 2009, Khorasani da abokansa sun kwatanta ta da man silba salfadayazin da asibitoci suka saba shafa wa ƙuna, a kan mutum 30, inda aka sami tazarar wajen kwana 3 a ɓangaren alobera. A 2007 Maenthaisong da abokan aikinsa sun tattara gwaji 4 da suka ƙunshi mutum 371 a mujallar Burns, suka ga matsakaicin lokacin warkewa ya ragu da kusan kwana 9. Wannan sakamako abin dubawa ne, bai kamata a yi watsi da shi ba.

Amma dole a karanta shi da sharuɗɗansa. Na farko, duk gwaje-gwajen nan a kan ƙuna marar zurfi aka yi su, a asibiti, bayan an wanke raunin, kuma ma'aikatan jinya suna duba shi. Na biyu, mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma tsarin gwajin ya bar ƙofar son rai a buɗe, domin sau da yawa mai auna warkewa ya san wanda aka shafa wa me. Na uku, man silba salfadayazin da aka yi gasa da shi, bincike ya nuna shi kansa ba ya kai sababbin kayan ɗaure ƙuna saurin warkarwa, don haka cin nasara a kansa ba babbar shaida ba ce. Saboda irin waɗannan dalilai ne, da ƙungiyar Cochrane mai tantance hujjojin likitanci ta tattara gwaji 7 masu mutum 347 a 2012, ta hannun Dat da abokan aikinsa, ta ce babu ingantacciyar hujjar da za a dogara da ita wajen amfani da alobera a sabon rauni ko tsohon gyambo. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na tsirran magani na 1999, ƙananan raunuka da ƙaiƙayin fata ta ambata, kuma shafawa a waje.

Akwai gwaji biyu da masu tallar alobera ba su cika ambata ba. A 1991 Schmidt da Greenspoon sun wallafa abin da suka gani a kan mata 21 waɗanda ɗinkinsu ya buɗe bayan tiyatar haihuwa ko wata tiyatar ciki. Waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba sun warke cikin matsakaicin kwana 53, waɗanda aka ƙara wa yauƙin alobera kuma sai da suka kai kwana 83. Wata guda cur ke nan na ƙarin jinya. Sannan a 1996 Williams da abokan aikinsa sun gwada shi a kan mata 194 da ake gasa wa kansar mama da haske a Amurka, ba su ga ya kare fatarsu daga ƙonewa ba, alhali wannan ne amfanin da ya fara ɗaga sunan tsiron a likitancin zamani tun 1935. Idan aka haɗa duka, hoton da ke fitowa a fili yake: inda fata ta ƙuje ko ta ƙone sama-sama akwai alamar amfani, inda rauni ya yi rami kuwa akwai alamar cutarwa.

4.0 Auna Hujja da Raunukan Yankin

Raunukan da ake samu a Sabon Birni da Isa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na madafa: yaro mai rarrafe ya jawo kwanon kunu, man suyar ƙosai ya fantsamo wa mai tuya, ko garwashin jin ɗumi ya taɓa ƙafa da hunturu. Akwai ƙunar fetur, a yankin da ake ajiye mai a jarka cikin gida ana sayar da shi a kwalba a bakin hanya. Akwai na gona: saran fartanya, yankan lauje, sukar ƙaya ko tushiyar gero. Akwai harbin bindiga da saran adda. Akwai cizon maciji da na kare. Akwai kuma gyambon mai ciwon suga, da ɗinkin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, da cibiyar jariri, da kaciya. A cikin wannan jeri duka, hujjar da aka bayyana a sama ta shafi wani ɓangare ne kawai na kashin farko, wato ƙunar da ta yi ja ko ta yi ƙananan bororo a ɗan wuri, sai kuma ƙujewar fata irin ta faɗuwa daga babur idan an wanke ƙasar da ta shiga.

Harbin bindiga ya isa misalin abin da ke wajen wannan iyaka. Bakin raunin yakan zama ɗan ƙarami, amma harsashi ya tafi da yadin riga da datti cikin jiki, ya kuma kashe tsokar da ke kewaye da hanyar da ya bi. Maganinsa shi ne likita ya buɗe, ya yanke matacciyar tsoka, ya wanke, ya bar shi a buɗe na wasu kwanaki, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar sarƙe-haƙora. Ƙwayar wannan cuta, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana bunƙasa ne a rami marar iska. Toshe bakin irin wannan rauni da yauƙi gyara mata wurin zama ne. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan bakin raunin ya rufe iyali sun yi hamdala. Haka sukar ƙaya mai zurfi take. Ƙunar fetur kuma takan cinye fata har ƙasa, ta bar wurin fari ko baƙi kamar ƙirgi, ba ya ma zafi domin jijiyoyin sun mutu. Abin da ke kashe mai irin wannan ƙuna a kwanakin farko shi ne tsiyayewar ruwan jiki, kuma ƙarin ruwa ta jijiya ne maganinsa.

A nan ne halin yankin yake sauya nauyin hujja. A birnin da asibiti yake kusa, wanda ya shafa alobera a raunin da bai dace ba zai gane kuskurensa gobe ya tafi. A ƙauyen da fita take nufin kuɗin mota mai tsada, da sayar da akuya, da bin hanyar da aka tare jiya, iyali suna neman duk wani dalilin da zai ba su damar cewa a bari a ga gobe. Yauƙin alobera yana ba da wannan dalili, domin da gaske yana sanyaya raɗaɗi. Sauƙin da mai rauni ya ji sai a ɗauka warkewa ce ta fara, alhali ruɓa tana ci a ciki. Ga mai harbi kuma akwai tsoron tuhuma, ko da yake dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sanar da mutanen Gatawa da Turba wannan doka zai ceci rayuka fiye da kowane tsiro.

5.0 Amsa ga Masu Ƙalubale

Ƙalubale na farko daga masu tausayin jama'a yake fitowa. Suna cewa da babu gara ba daɗi: mutumin da asibiti ya gagare shi, me za a ce ya yi? Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa yauƙi mai tsabta ya fi abubuwan da aka saba zuba wa ƙuna, irin su man goge baki da ɗanyen ƙwai da baƙin mai da toka da kashin shanu. Amma zaɓin da ke gaban mai rauni mai zurfi ya fi biyu. Ko babu likita, ana iya danne jini da ƙyalle mai tsabta, a wanke raunin da ruwan da aka tafasa ya huce da sabulu, a rufe shi sakwa-sakwa, a yi ta ba majiyyaci ruwan gishiri da sukari, a kuma soma neman hanyar fita tun a ranar. Duk waɗannan suna hannun talaka, kuma babu ɗayansu da ke rufe ido daga ganin haɗari.

Ƙalubale na biyu daga wasu likitoci yake. Tunda hujja ba ta da ƙarfi, in ji su, a hana gaba ɗaya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amsa ita ce hanin da mutane suka ga ya saɓa wa abin da idonsu ya gani ba ya tasiri. Uwar da ta shafa wa 'yarta alobera a ƙunar ruwan zafi ta ga ta warke ba za ta yarda tsiron banza ne ba. Idan ma'aikacin lafiya ya ce mata haka, ya zubar da amanar da zai buƙata ranar da zai ce mata wannan raunin na asibiti ne. Abin da ya fi shi ne a gaya mata gaskiya cikakkiya: ƙuna marar zurfi takan warke da kanta cikin kimanin mako biyu idan an tsabtace ta, yauƙin yana iya taimakawa, amma warkewar waccan ba shaida ba ce a kan saran adda.

Ƙalubale na uku shi ne na tarihi da addini. Tsiron tsoho ne a magani: likitan Girka Dioscorides ya ambace shi a ƙarni na 1 na Miladiyya, Larabawa sun san shi da sabir, kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin Sayyidina Usman ɗan Affan a kan halaccin amfani da shi ga mai harami da ke ciwon ido. Babu mai musun wannan. Sai dai sabir ɗin da littattafan magabata suka fi magana a kansa busasshen ruwan ɗacin ne, kuma sun ambace shi ne a kan cututtuka sanannu. Haka malaman ƙasar nan suka yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har ya keɓe wa cututtukan ido littafi. Hanyarsu ita ce a san cuta, a san maganinta, a san gwargwado. Mai cewa ganye ɗaya yana warkar da komai ya bar tafarkin magabata, ko da yana ambaton sunansu.

Ƙalubale na huɗu shi ne mafi ƙarfi a ilimance: me ya sa ba za a karkata ga zuma ba? Nazarin Cochrane na 2015, ta hannun Jull da abokan aikinsa, ya sami hujja mai inganci cewa zuma tana rage wa ƙuna marar zurfi kwana 4 zuwa 5 idan aka kwatanta da wasu kayan ɗauri da aka saba. Wannan maƙala ta yarda hujjar zuma ta fi ta alobera ƙarfi. Abin da ya rage wa alobera shi ne ganyen da mutum ya yanka da hannunsa ba a yi masa algus, alhali zumar kasuwa takan zo gauraye da sukari. Ita ma alobera ta kwalba ba ta tsira ba: a 2016 binciken da kamfanin labarai na Bloomberg ya sa aka yi ya kasa samun alamar tsiron a wasu mayukan alobera na manyan kantunan Amurka. Kuma iyakar da ke kan ɗaya tana kan ɗayar, domin zuma ma ba ta fitar da harsashi.

6.0 Shawarwari

Saƙon da za a kai wa jama'a ya kamata ya zama gajere. Ruwa ne farkon maganin ƙuna: a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, ko da da buta ne, ba ƙanƙara ba, a kuma lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororo. Idan ƙunar ba ta wuce faɗin tafin hannun mai ita ba, kuma ba a fuska ko hannu ko ƙafa ko gaɓa ko al'aura take ba, ana iya wanke hannu da ganye, a tsiyaye ruwan ɗacin, a fere da wuƙar da aka tafasa, a shafa farar tsokar kaɗan, a rufe da ƙyallen da aka wanke aka goge da dutsen guga. Kowace shafawa da sabon ganyenta. Zazzaɓi, mugunya, wari, kumburin da ke yaɗuwa, taurin muƙamuƙi, ko miki ya kai mako biyu bai rufe ba, duk alamun tafiya asibiti ne. Jariri, da mai ciwon suga, da mai ɗinkin tiyata, da wanda aka harba ko aka sara ko maciji ko kare ya ciza, ba sa cikin wannan rangwame ko kaɗan.

Masu kai saƙon kuma suna nan tun fil azal. Maƙera su ne Bahaushe ya sani da maganin ƙuna, wanzamai da kaciya da ƙaho, maɗora da karaya, ungozomomi da cibiya, a yau kuma ga masu kemis. Jihar Sakkwato ta taɓa gwada irin wannan hanya ta yi nasarar isa ƙauyuka: a 2013 ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiyar jarirai ta hannun mutanen da aka zaɓa daga cikin al'umma, kafin tsarin ya zama na ƙasa baki ɗaya a 2016. Darasin wannan magani fuska biyu gare shi, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a wasu ƙasashen Afirka an sa shi a idon jarirai bisa kuskure har ya makantar. Magani mai kyau ma yakan yi ɓarna idan bayaninsa bai isa ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha, tare da sarakunan yankin da limamai da gidajen rediyo, za su iya haɗa horon gane rauni da allurar sarƙe-haƙora ga manoma, maza da mata.

A ɓangaren bincike, tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suna da abin da ake buƙata don amsa tambayoyi uku: wane irin tsiro ne mutanen yankin suke kira alobera ko zabo, waɗanne ƙwayoyin cuta ne ke tsira a yauƙin bayan sa'o'i a zafin yankin, kuma yaya sabon yauƙi yake idan aka kwatanta shi da zuma da bandeji mai basilin a ƙuna marar zurfi, cikin gwajin da mai aunawa bai san wanda aka shafa wa me ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta riga ta nuna, da maganin sikila na Niprisan, cewa ana iya ɗaukar maganin gargajiya a bi da shi ta wannan hanya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yauƙin alobera yana da gurbi na gaskiya, amma ƙarami, a jinyar rauni: ƙuna marar zurfi da ƙujewar fata, bayan ruwa da tsabta. Ta nuna kuma cewa a Sabon Birni da Isa, inda raunuka masu zurfi suka yawaita kuma hanya ta yi wuya, kambama shi yana iya cin rai ta hanyar jinkiri. Mutanen wannan yanki ba su zaɓi jinya a gida don jahilci ba, tilas ce ta sa su. Haƙƙinsu a kan masana shi ne a gaya musu, da harshensu, raunin da za su iya riƙewa da wanda ya fi ƙarfinsu. Haƙƙinsu a kan hukuma kuwa shi ne idan sun gane rauni na asibiti ne, su sami hanya a buɗe, su tarar da likita da jini da allura a Sabon Birni da Isa.